Yadda Na Zama Mai Zanen Maguna da Karnuka a Kano

Duk wanda ya leƙo shagona a karon farko, tambayarsa ɗaya ce: "Malam, wai tsakani da Allah akwai mai cire kuɗinsa a zana masa mage?" Akwai. Da wannan kuɗi nake cefane, da shi nake biyan kuɗin makarantar yara. A cikin wannan sana'a kuma na ga wani lungu na zuciyar mutanen garin nan da ban san da shi ba, alhali a nan aka binne cibiyata.

Ni ɗan Fagge ne. Mahaifina tela ne, kamar yawancin dattawan layinmu, kuma burinsa in gaji keke. Hannuna bai karɓi ɗinki ba. Allin da yake shata yadi da shi nake ɗauka in cika bangon soro da dawakin hawan sallah. Da ya gaji da faɗa sai ya kama hannuna ya kai ni wurin wani mai rubutun allon shaguna da zanen manyan motoci, ya ce, "Ga shi nan, tunda abin da yake so ke nan, a koya masa ya ci abinci da shi." A can na girma. Na zana zaki a bayan gingimari ba adadi, na zana mikiya, na rubuta "Haƙuri maganin zaman duniya" har hannuna ya san hanya ko da idona a rufe. Fentin gwangwani muke aiki da shi, wanda za ka shafa da safe, kafin gobe mota ta kama hanyar Legas.

Sai injinan buga bana suka cika gari. Aikin da yake cin mu kwana uku, yaro zai zauna gaban kwamfuta ya fitar da shi cikin awa guda, kuma da araha. Maigidana ya rufe shago ya koma ƙauyensu. Ni kuma na hau acaɓa, har zuwa watan Janairun 2013 da gwamnati ta hana goyo a babur bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. Daga nan na koma A Daidaita Sahu, ina biyan balas kullum.

A cikin Daidaitar nan Allah ya haɗa ni da mutumin da ya juya mini rayuwa. Dattijo ne, tsohon malamin zane da ya yi ritaya. Na ɗauke shi daga Titin Gidan Zu, ya ga wata 'yar tsuntsuwa da na zana a jikin ƙarfen da ke gaban fasinja, ya ce wa ya yi wannan. Na ce ni ne. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Hannunka yana da kyau, amma idonka yana gaggawa. Ka zo gidana ranar Asabar."

Shekara biyu ina zuwa. A Zariya ya yi karatu, kuma ba ya gajiya da labarin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane a kwalejin can a 1958, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, tun kafin wurin ya zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Abin da yake burge shi game da su shi ne sun yarda su karɓi kayan aiki da dabara daga hannun Bature, amma abin da za su zana ya zama nasu. Shi ya fara ɗora mini fentin mai, irin wanda yake zuwa a bututu kamar man goge baki. Garin launi ne aka kwaɓa da man linsid, wanda ake tatsa daga 'ya'yan wani tsiro. Ya ce mini, "Wannan ba bushewa yake kamar wanki ba. Iska yake sha a hankali yana daskarewa. Wanda ba shi da haƙuri ya bar shi." Ya koya mini ƙa'idar da har gobe ba na tsallakewa: shafin farko a tsinke shi, ya zama ba mai sosai, kowane shafi na sama kuma ya fi na ƙasansa mai. In ka juya abin, na sama ya riga na ƙasa daskarewa, wata rana sai ka tarar zanen ya tsattsage kamar ƙasan tafki da rani.

Wata Asabar ya buɗe mini wani tsohon littafi, ya nuna mini hoton zanen da Jan van Eyck ya yi a 1434, wanda yake Landan yanzu: wani attajiri da matarsa a tsaye cikin ɗaki. Ya ce, "Bar kallon mutanen. Dubi ƙasa." Wani ɗan mitsitsin kare ne a gaban ƙafafunsu, gashinsa sili-sili, ya zuba wa mai kallo ido. Kusan shekara ɗari shida, kuma kamar ka miƙa hannu ya sansana. Ban san a ranar cewa abincina yana wajen ba.

Aikin farko ya zo ne bayan an buɗe gari daga kullen korona na 2020. Wata budurwa ta ga zanen wani muzuru da na sa a Facebook, wanda na yi don motsa hannu kawai. Ta neme ni, ta ce kyanwar kakarta ce ta mutu, kuma tun daga lokacin tsohuwa ba ta cin abinci sosai. Ta turo mini hotuna huɗu na waya, duk sun yi dishi-dishi. Kyanwa ce mai launi uku, fari da baƙi da ruwan goro. Irin wannan kusan kullum mace ce, da wuya ka ga muzuru mai launi uku. Na ɗauki mafi kyau a cikin hotunan na bi shi sau da ƙafa. Mako uku na yi. Kowane tabo yana inda yake, kowane gashin baki na ƙirga shi. Na kai musu cikin gari, wani gidan ƙasa mai zaure biyu, ina jin na yi abin kirki.

Hajiya ta sa tabarau, ta riƙe zanen nesa, ta matso da shi kusa. Ta ce, "Sannu da ƙoƙari, ɗan nan. Kyanwa ce kam. Amma ba Auta ba ce."

Na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Na ce, "Hajiya, ina ne bai yi ba? A gaya mini in gyara." Ta ce ita ba ta san zane ba, ita dai ta san wannan kallon baƙo take yi. Ashe hoton da na bi, jikar ce ta ɗauka rana tsaka a tsakar gida, kyanwa ta tsuke ƙwayar ido kamar tsinin allura, kunnuwa sun ɗan juya baya, tana shirin gudu. Ba haka Hajiya ta san ta ba.

Ta sa aka shimfiɗa mini tabarma. Na zauna tun bayan la'asar har aka kira magariba, ba abin da na yi sai sauraro. A shekarar da maigidanta ya rasu kyanwar ta shigo gidan, 'yar ƙarama, a jiƙe, daga makwararar ruwa. Shekara 14 suna tare. Da asuba ita take tashin ta, ta hau ƙirjinta ta dafa mata haɓa. In tana lazimi sai ta kwanta a gefen darduma ta naɗe ƙafafun gaba a ƙarƙashin ƙirji, ta ɗago kai tana kallon carbi yana tafiya. Kunnenta na hagu yana da 'yar tsaga tun wani faɗa da muzurun maƙwabta. Tana cikin magana hawaye ya zubo mata, ta sa gefen mayafi ta share, ta ce, "Ka ga, kai ne na farko da na yi wa wannan zancen. In na faɗa a gidan nan sai a ce tsohuwa ta fara ruɗewa, tana kukan mage. Ba wanda ya ce mini ya haƙuri."

Wannan magana ta zauna mini a ƙirji. Mu nan in an yi rashi ana zaman makoki, ana shigowa ana fita, mutum ba ya ɗaukar baƙin ciki shi kaɗai. Amma wanda dabbarsa ta mutu, a ɓoye yake kuka, don kunya.

Na koma na ɗauko sabon kanbas, wato yadin da ake zane a kai. Na sauya zaman gaba ɗaya: na sa ta a ƙasa tana ɗago kai, yadda mai zaune a darduma zai gan ta, cikin hasken ɗaki na asuba. Kyanwa in haske ya yi ƙasa ƙwayar idonta buɗewa take ta yi kewaye, fuskar ta yi laushi. Ido ɗaya ya ci mini kwana biyu. Na fara shimfiɗa ruwan zuma mai duhu, na bar shi ya kama. Ta saman idon na sa inuwar fatar ido, don in babu ita ido kamar maɓalli yake fitowa. Ta ƙasa, ɓangaren da ke kallon inda haske ya shigo, na ɗiga rawaya da ɗan tsanwa, saboda haske ratsa idon yake ya taru a can. Ɗigon farin nan da kowa yake zaton shi ne ran ido, shi na sa a ƙarshe, da bakin burushi mai gashi uku, kuma ba fari fat ba, na ɗan karya shi da shuɗi. Na yi tsagar kunne. Da na mayar, Hajiya ba ta ce ya yi ko bai yi ba. Laɓɓanta kawai ta tsuke ta yi wannan kiran da ake yi wa mage, a hankali, sau biyu.

Ba zan tsallake maganar addini ba, don ita ce ta fi hana ni barci. Mahaifina da ya ji abin da na koma yi, ya kira ni soro ya ce, "Zakin mota na yi shiru don yarinta ce da neman abinci. Yanzu da girmanka za ka zauna kana suranta mai rai, har da kare?" Ban ba shi amsa ba, don ba a haka aka tarbiyyantar da mu ba. Na tafi wurin wani malami da nake ɗaukar karatu a gunsa na shimfiɗa masa komai. Bai ɓoye mini komai ba. Ya karanto mini hadisan da suka yi tsanani a kan masu yin surori, da wanda ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare ko sura. Sannan ya ce malaman Malikiyya sun rarrabe: abin da suka haramta kai tsaye shi ne sura mai jiki, mai inuwa, cikakkiya, irin gunki, wadda aka shafe a kan takarda ko ƙyalle ba su kai ta haramun ba, sun ce makaruhi ce, bari ya fi. Ya ce akwai manyan malamai da suka hana duka, kuma hujjarsu ba abin wasa ba ce. "Ka je ka yi shawara da zuciyarka," in ji shi.

Na zaɓi in ci gaba, da sharuɗɗan da na ɗora wa kaina. Ba na sassaƙa, ba na ƙera komai mai jiki. Galibi kai da ƙirji nake zanawa. Duk Musulmin da ya karɓi aiki ina roƙonsa kada ya rataye shi ta alƙibla. Masu yi mini nasiha har yau suna yi, ba na jayayya da su, don na san ƙauna ce ta sa. Baba kuwa har yanzu bai taɓa taka shagona ba. Muna gaisawa lafiya, ina kai masa abin da ya samu yana sa albarka, amma wannan maganar mun ajiye ta a gefe. Tana damuna.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne masu fakewa da addini su wulaƙanta dabba. Sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi, da 'yar kyanwa aka yi masa alkunya, Abu Huraira. Imamu Malik ya kawo cewa Abu Ƙatada ya karkata wa kyanwa ƙwaryar alwalarsa ta sha, ya ce Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu. Mun san matar da ta shiga wuta saboda ta kulle kyanwa har yunwa ta kashe ta, mun san mutumin da aka gafarta wa don ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare. Duk mun haddace. Amma fita layi ka ga yara sun rutsa baƙar mage da duwatsu wai mayya ce, manya na zaune a benci ba mai tsawatarwa.

Kare ya fi mage shan wahala a bakinmu, tunda sunansa ma zagi ne. Shi ya sa ban manta da wani dattijon mafarauci da ya zo mini daga bayan gari ba. Irin waɗanda za ka gani da rani sun cika mota da karnuka za su daji. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi shigowa, ya ce, "Mai zane, an ce kana yin kare. Nawa ya tsufa, ina so in riƙe kamanninsa." Ba shi da hoto ko ɗaya. Na bi shi gida.

Duna sunansa. Karen gida ne, siriri, mai dogayen ƙafafu, baƙi wuluk in ban da furfurar da ta fara cin bakinsa. A kafaɗarsa akwai tabo mai tsawon yatsa inda gashi bai sake fitowa ba. Mafaraucin ya ce maciji ne ya taso masa a cikin ciyawa, karen ya shiga tsakani, a garin kokawar ya faɗa kan kututture ya yage. "Na yi 'ya'ya tara," in ji shi, "ban san wanda zai yi mini abin da wannan ya yi ba." Na zauna a ƙarƙashin darbejiya kwana uku ina zana shi da fensir. Kare ba ya zama don kai. Sai dai ka jira ya gaji da kai ya manta kana wurin.

Baƙar dabba ita ce jarrabawar mai fenti. In ka matso baƙi daga bututu ka shafa, rami za ka samu a kanbas, ba kare ba. Malamina ya koya mini in haɗa baƙina da kaina, daga shuɗi mai duhu da ruwan ƙasa ƙonanne, in na so ya yi sanyi in ƙara shuɗi, in na so ɗumi in ƙara ƙasa. Da na zuba wa Duna ido sosai sai na ga gadon bayansa shuɗin sama yake ɗauka, cikinsa da ƙasan haɓarsa kuma jan ƙasar tsakar gidan ne yake haskawa a jiki. Baƙi tsantsa bai fi wurare uku ba: cikin hanci, ƙwayar ido, da lungun kunne.

Lokacin hunturu ne, kuma a aikin nan hazo ya koya mini darasi mai tsada. Na gama fuskar da daddare, na tafi gida na bar taga a buɗe. Da safe na tarar ƙura ta kwanta a kan ɗanyen fenti kamar an barbaɗa gari. Ba ta gogewa, in ka taɓa cusa ta kake. Na sa wuƙar haɗa fenti na kankare aikin kwana biyar. Tun daga ranar na sa kafinta ya yi mini akwati mai ƙofa, duk abin da bai kama ba a ciki yake kwana, daga Nuwamba har ƙarshen Fabrairu. Da na kai wa mafaraucin zanen, ya sa yatsa daidai kan tabon, bai taɓa ba, ya ce, "Har wannan ka sa." Rabin kuɗin ya ba ni a hannu, sauran ya cika da zabi biyu da kwalbar zuma.

Yawancin aikina yanzu daga Nasarawa da Bompai da Sabon Gari yake zuwa: Kwarori, Indiyawa, 'yan kudu, da 'yan matan Hausawa masu magunan Farisa masu dogon gashi. Akwai mutanen kirki a cikinsu ƙwarai. Akwai kuma wanda ya kira ni in zana masa ƙaton karen da ya sayo daga waje, na tarar da shi ɗaure da sarƙa a kan siminti cikin zafin Afrilu, kwanon ruwansa a bushe, harshe a waje. Maigidan so yake a fito da haƙora, a sa shi ya yi kama da abin tsoro. Na ce, "Alhaji, a fara ba shi ruwa a matsar da shi inuwa." Ransa ya ɓaci, aikin bai yiwu ba, ban kuma yi da-na-sani ba. Wanda yake son dabbarsa daga tambaya ɗaya nake gane shi: in na ce yaya take kwanciya, sai ya fara kwatantawa da hannu yana murmushi.

Kayan aiki sun yi tsada, musamman tun da darajar naira ta faɗi a 2023, tunda fentin daga waje yake zuwa. Na rage launukana zuwa shida, sauran duk haɗawa nake a kan gilashi. Kanbas kuwa yadi mai kauri nake yankowa a Kantin Kwari, in ɗaure a firem, in shafe shi da farin fentin bango da aka kwaɓa da gam ɗin kafintoci har sau uku, ina gogewa da sanfefa a tsakani. Burushi da kananzir nake wankewa, in bi da sabulu. Malamina na zane ya rasu, Allah ya jiƙansa. Iyalansa suka aiko mini da burusansa a ɗaure da kyauro, da su nake yin ido har yau.

Zanen fentin mai ba a shafa masa banish, wato man ƙyallin da ke kare shi, sai ya yi kamar wata shida, ya gama daskarewa har ciki. Don haka bayan wata shida na koma gidan Hajiya da kwalbata da faffaɗan burushi. Na duba bangon ɗakin ban ga zanen ba, gabana ya faɗi, na zaci wani ya sa an fitar da shi. Sai ta ce wa jikar ta jawo mata adaka daga ƙarƙashin gado. A ciki yake, a naɗe cikin wani tsohon zanen saƙi, tare da carbin maigidanta da takardun gida.

Ta ce, "A nan nake sallah, ɗan nan, ba zan rataye shi ba. In na idar da la'asar nakan ɗauko in duba, in mayar."

Na fita da shi tsakar gida na kwantar a kan turmi, na share ƙura, na ja banish daga sama zuwa ƙasa. Launukan da suka dushe suka taso, ruwan goron ya yi jawur, idon ya jiƙe. Hajiya tana zaune a kujera 'yar tsugunno tana kallo. Na ce kada a naɗe shi sai jibi, a jingine shi fuska na kallon bango. Ta ce to, ta sa jikar ta kawo mini fura.